A Rubuta Tarihin Ƙauyukan Ƙasar Zuru Tun Dattawa Na Raye

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin shugabanninmu kan tarihin ƙananan ƙauyukan Masarautar Zuru da ke kudancin Jihar Kebbi, wanda har yau yawancinsa a bakin dattawa yake.

A ƙauyenmu da ke ƙasar Dabai, tsofaffi kaɗan ne suka rage waɗanda za su iya faɗa maka yadda kakanninmu Dakarkari suka sauko daga kan duwatsu suka zauna a fili, ko yadda saurayi kan yi golmo, yana noma wa surukansa har shekara bakwai kafin a ba shi mata. Su ne kuma suka san lokacin da 'yan mishan suka iso, da yadda majami'ar farko ta ɗariƙar Kirista ta UMCA (United Missionary Church of Africa) ta fara a matsayin rumfar ciyawa, inda mai bishara ke koyar da karatu da Hausa da daddare a gaban fitilar ƙwai. Littattafan baftisma da na ɗaurin aure suna nan cikin akwatin ƙarfe a gidan fasto, amma gara ta riga ta cinye gefen wasu shafukan, alhali nan ne kaɗai aka rubuta sunayen iyaye da shekarun haihuwar mutane da dama.

Abin da ya fi damuna shi ne kada zamantakewar da ke tare da wannan tarihi ta ɓace. A gida ɗaya za ka tarar da Kirista da Musulmi da mai bin al'adar gargajiya, suna fita gayya tare, suna zuba dawa a rumbu ɗaya. Ranar jana'iza, Zumuntar Mata ta majami'a kan yi girki da maƙwabtansu Musulmi, haka kuma kowa kan fito bikin Uhola bayan girbi. Yanzu da hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka a ƙananan hukumomin Danko-Wasagu da Sakaba, iyalai da yawa sun watsu cikin garuruwa, kuma yaran da aka haifa a can ba su san ko kufan gidajensu ba.

Saboda haka ina kira ga hakimai da dagatai, tare da fastoci da limamai, su sa matasa masu ilimi su zauna da dattawa, su naɗi muryoyinsu a waya da C'lela (harshen Dakarkari) da Hausa, su kuma ɗauki hoton waɗannan littattafai shafi-shafi, a ajiye kwafi a fadar Mai Martaba Sarkin Zuru.

Daga wani mai karatu,
Zuru, Jihar Kebbi.