Sanarwa ga ƴan rukunin ƙauyukanmu na jahar Maradi

Assalamu alaikum, iyaye, malamai da ƴan uwa.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba 2020 ba mu sake jefa ƙuri'a kan magajin gari ko kansila ba. A Afrilun 2024 gwamnati ta rushe majalisun, ta naɗa jami'an riƙo a madadinsu. Wasu sun ce tunda babu zaɓe a gaba, mu rufe wannan rukuni. Ni ban yarda ba. Rijiyar da ta ƙafe da burtalin da aka nome suna nan, kuma jami'in riƙo ma sai an kai masa kuka zai ji.

Don haka daren Juma'a, bayan Isha'i, za mu tattauna batun sakin gonaki bayan girbi. Kowace shekara nan rigima ke tashi: makiyaya sun gangaro daga wajen Dakoro da Bermo, alhali wake da dawa ba su gama shiga rumbu ba. Muna son jin manomi, muna son jin makiyayi da bakinsa. Wanda ya taɓa zama a kwamitin filaye na ƙauyensu ya gaya mana yadda ake ƙiyasta ɓarna.

Ƴan uwanmu na Madarumfa da Gidan Rumji, ku kawo zancen satar shanu, amma don Allah kada a ambaci sunan kowa bisa zargi.

Ku aiko da saƙon murya, gajere, saboda dattawanmu da ba sa karatu. Iyayenmu mata, muna jiran naku ma.