Kafin ki ajiye aikin

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. A bakin gwaggonki na ji wai za ki ajiye aikinki na Ma'aikatar Shari'a ki fito takarar majalisar jiha. A bakin gwaggonki! Ni da na tsaya kai da fata sai kin yi karatun lauya, lokacin da baffanninki suka yi ta kumfar baki, yau ni ne na ƙarshen ji?

Na san da wadda za ki kafa mini hujja: marigayiya Aisha Jummai Alhassan, Mama Taraba. To, bi tarihinta a hankali. Ta yi majistare, ta zama mace ta farko da ta riƙe Kwamishinar Shari'a a Taraba, ta yi Babbar Magatakarda a Babbar Kotun Abuja. Sai da ta yi ritaya sannan ta fito, a 2011 ta kayar da tsohon gwamna Jolly Nyame ta tafi Majalisar Dattawa. Da sunanta da gumin kanta ta shiga. Duk da haka me ya faru? A 2015 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ce ita ce gwamna, mata suka yi ta rangaɗa guɗa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke, Kotun Ƙoli ta rufe zancen. A 2018 kuwa, tana minista fa, jam'iyyarta ta hana ta shiga zaɓen fitar da gwani. Ita ke nan, balle ke da ko shekara goma ba ki cika a aiki ba.

Faɗuwa zaɓe ba ta dame ni ba. Abin da ke hana ni barci su ne masu zuga ki, masu cewa za su saya miki fom. Wanda ya sayi fom, kujerar tasa ce. Ranar da ya turo miki abin da kika san doka ta haramta, kika ƙi sa hannu, zai janye tsani ya bar ki a sama, sannan yaransa su bi ki da ƙazafi a Facebook. Namiji da sata ake zaginsa. Mace kuwa kin san inda bakinsu yake zuwa. Kuma babbar 'yarki ta iya karatu, tana ɗaukar wayarki.

Ban ce kada ki yi ba, kin fi da yawa daga cikinsu kai da amana, wannan ko maƙiyi ya sani. Amma kada ki miƙa takardar ajiye aiki tukuna. Ku zo ranar Juma'a ke da maigidanki, ki faɗa mini da bakinki wa zai sayi fom ɗin, da abin da ya ce yana so. Mahaifiyarki ta ce ku taho da yaran.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki