Kira ga makanikai: a bar wa tsohon inji hanyar fitar da hayaƙin cikinsa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai albarka in yi magana da 'yan'uwana makanikai, da matasan Jos da Abuja da suka soma sha'awar farfaɗo da tsofaffin motoci. Abin ya faranta mini rai ƙwarai, amma akwai wani tiyo guda da nake ganin ana wulaƙanta shi a garejojinmu, daga Farin Gada har Bukuru: wanda yake fitowa daga murfin saman inji. Wani ya cire shi ya toshe ramin da tsohon fulogi, wani ya bar shi yana reto yana kallon ƙasa. Duka biyun ɓarna ce.

Duk injin da ke aiki, komai sabuntarsa, wani ɓangare na hayaƙin wuta yakan tsallake ringin fistan ya gangara inda baƙin mai yake. A cikin hayaƙin nan akwai fetur da bai ƙone ba, akwai tururin ruwa mai yawa, domin litar fetur ɗaya idan ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda. Idan aka toshe masa hanya zai nemi wata da ƙarfi: sil ɗin gaba da na baya su fara zuba, gasket ya jiƙe, sandar awon mai ta riƙa tasowa. Mai mota ya canja sil, bayan ɗan lokaci ya sake zuba, ya ce kayan gyaran da ake sayarwa a Dilimi ne ba su da kyau, alhali laifin na toshewar ne.

Motocin da can bututu kawai ake saukarwa ƙarƙashin mota, iskar gudu tana janye hayaƙin. A 1961 jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta wa sabbin motoci mayar da shi cikin inji ya ƙone, daga nan ƙaramin bawul ɗin da ake kira PCV ya bazu a duniya. A mota irin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, abin ba shi da wuya, saboda kafireto ɗaya ce a tsaye kan manifol, wato bututun da ke raba iska da fetur, tana ciyar da silinda huɗu tare. Duk abin da ka shigar a wurin, su huɗun za su raba.

Kafireto ta kwance, wadda iska ke shiga ta gefe, ita ce ke rikita mutane, kuma iri biyu ce da bai kamata a yi musu magani ɗaya ba.

Akwai SU da Stromberg, irin wadda muka sani a Marsandi 200 da Volvo 244 da tsohuwar Range Rover. Waɗannan suna da fistan a ciki mai hawa da sauka, kuma tsakanin fistan ɗin da farantin totur akwai zuƙa mai laushi wadda kusan ba ta canjawa. Kamfanoni da dama, musamman na Ingila, nan suka huda suka haɗa tiyon, ba tare da wani bawul ba. Shawarata ga mai irin wannan ɗaya ce: mayar da abin yadda ka same shi. Wanke tiyon, wanke ragar da ke raba mai da hayaƙi, ka duba murfin zuba mai, don a wasu injinan ta ɗan ramin da ke jikinsa ne iska mai tsabta ke shiga, kuma an auna girmansa. In ka sa murfin wata mota, ko ka bar ramin kafireton a buɗe, silo, wato aikin inji ba a taka totur ba, zai lalace, ka wuni kana juya sukurun banza.

Sai Weber DCOE da Dellorto DHLA, waɗanda matasa ke ɗorawa biyu a jere saboda ƙara da ƙarfi. A nan kowane maƙogwaro silinda ɗaya yake ciyarwa, ba wani wuri da suka haɗu. Na ga an kawo mini mota an huda hanyar silinda ta huɗu kaɗai an soka PCV. Fulogi uku sun fito lafiya, na huɗun baƙi ƙirin, jiƙe da mai, injin yana rawa a silo. Dalili a fili yake: silinda ɗaya ce ke shanye duk hayaƙin da ƙarin iskar da ba a lissafa da ita ba. Ga shi zuƙar hanya ɗaya ba a daidaice take ba, fizga take yi, sai bawul ɗin ya yi ta kaɗawa.

Wanda ya nace sai ya sa PCV a irin wannan, sai ya huda hanyoyin huɗu duka da ƙananan ramuka daidai wa daida, ya tara su a bututu ɗaya, sannan ya sake saita kafiretocin daga farko. Yana aiki, amma sai a hannun mai haƙuri. Masu tsere kuma suna da dabarar jan hayaƙin ta salansa, wadda ba ta da amfani a cunkoson Terminus, don sai inji na gudu sosai take ja.

Abin da ni nake yi, kuma nake kira a yi, shi ne a sa gwangwanin tara mai a tsakani. Tiyo ya taso daga murfin saman inji ya shiga gwangwanin, wani ya fita daga samansa zuwa cikin gidan iyakilina, wato matatar iska, ta ɓangaren da iska ta riga ta tace, a tsakiya yadda duk maƙogwaran za su raba. A cusa soson ƙarfe marar tsatsa a gwangwanin, a tare shi da raga, domin gwangwani fanko ba ya kama komai, hayaƙin wucewa kawai yake yi da mansa. Kada tiyon ya fi na asali ƙanƙanta, kuma ya zama mai jure mai, ba na lagireto ba, wanda yake kumbura ya yi laushi. Gaskiya ne wannan hanya ba ta share cikin inji kamar PCV, don haka sai a riƙa juye baƙin mai da wuri. Amma ba ta taɓa saitin silo, ba ta kuma barin ƙura ta shiga.

Maganar ƙura ce ta sa ba na yarda da barin tiyo a buɗe. Inji ba fitarwa kawai yake yi ba. Fistoci na hawa da sauka, yana ɗan shaƙa ta wannan ramin, haka ma idan yana hucewa. A hunturun Disamba da Janairu, abin da zai shaƙa kowa ya sani, kuma kai tsaye kan metal, wato biyarin cikin inji, zai sauka. Wanda ba shi da halin komai, ko ɗan ƙaramin filta ya ɗaura a bakin.

Mu a Jos muna da ƙarin dalili. Muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin safiyarmu ya isa ya mayar da tururin nan ruwa tun yana cikin inji. Shi ne wannan farin kumfa mai kama da madara da ake gani a ƙarƙashin murfin mai, har a tsorata a ce gasket ya ƙone. Sau da yawa mota ce da ba ta wuce 'yar gajeriyar tafiya irin ta Gangare zuwa Katako, ba ta taɓa yin zafin da zai kori ruwan ba. Mu kuma makanikai sai mu ƙara cire mata tamostat, bawul ɗin da ke riƙe ruwan lagireto har inji ya yi zafi, wai don kada ta yi zafi. Don Allah a daina. A mayar da shi, a riƙa ba motar doguwar tafiya lokaci-lokaci, abin da ya taru a gwangwanin kuma a zubar, kada a mayar cikin inji, mafi yawansa ruwa ne da fetur.

Kafin a kashe ko kwabo, a tayar da injin ya yi zafi, a cire murfin mai a ɗora tafin hannu. In ka ji ɗan bugu mai sauƙi ko 'yar zuƙa, gyaran tiyo zai wadatar. In kuwa yana ture hannunka yana huci da hayaƙi, ringi sun gama aiki, gwangwani ba zai yi magani ba, sai a gaya wa mai mota gaskiya a sauke inji.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Daga wani tsohon makanike,
Farin Gada, Jos