Zuwa ga Uwata, kan karatun da kika sa a gaba

Tudun Wada, Zariya

Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiyar Allah. Hunturun bana ya ɗan taɓa ƙirjin Innarki, amma ta samu sauƙi.

Bayan haka, saƙonki ya iso cewa za ki shiga digiri na uku, kuma abin da za ki duƙufa a kai shi ne ita kanta jami'a da yadda ɗalibi ke tasowa a cikinta. Kawunki ya ce bai gane ba, wai ta yaya mutum zai shiga jami'a don ya karanci jami'a? Na tuna masa cewa Jami'ar Ahmadu Bello da muke tinƙaho da ita, irin wannan bincike ne ya share mata hanya. A 1959 aka kafa kwamitin Ashby ya duba buƙatar ƙasar nan ta ilimi mai zurfi, ya miƙa rahoto a 1960, a 1962 aka buɗe ƙofa a Samaru. Na sa miki albarka, Allah Ya sa a gama lafiya.

Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, kuma ke ce za ki iya ɗaukar mini shi. A shekarun da na yi ina koyarwa a sakandare, ban taɓa samun yaro mai kaifin lissafi kamar wani ɗan ƙauye daga wajen Giwa ba. Ni na cika masa fom ɗin JAMB da hannuna. Ya samu gurbi a wata jami'a, muka yi ta murna. Yana aji biyu ya dawo gida shiru, ba sallama. Sai bayan shekaru ya gaya mini gaskiya. Turancin lacca yana wuce shi da gudu, kunya ta hana shi ɗaga hannu cikin ɗaruruwan mutane, gari da ƙuli suka ƙare, kuɗin hoton takardu ya gagara, ga shi bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Babu wanda ya kore shi. Babu kuma wanda ya nemi jin inda ya shiga. A makarantun zaure na cikin birni, ɗalibi ya yi fashin kwana biyu malam zai aika a dubo shi. Wannan yaro ya ɓace daga aji, ko cigiya ba a yi ba.

Irinsu nake so ki nema. Wanda ya sa rigar yaye, an ɗauki hotonsa, an rubuta sunansa. Wanda ya zame a hanya shi ya san inda ɗakin ke yoyo. Kada ki tsaya ga rabon takardun tambayoyi a bakin laburaren Kashim Ibrahim, ki tattara ki ce kin ji ta bakin ɗalibai. Shiga ɗakunan kwana na Amina da Ribadu ki zauna da 'yan mata a kan tabarma. Bi 'yan haya a lungunan Samaru. Nemi matar da ke zuwa lacca da goyo, da wadda aka ɗaura wa aure tsakiyar zango ba ta sake dawowa ba. Zuwa da kai ya fi aike. Abin da suka gaya miki kuwa amana ne, ki ɓoye sunayensu kamar yadda za ki ɓoye sirrin gidanmu.

Kin taɓa yi mini bayanin Tinto, masanin nan na Amurka da tun a 1975 ya ce ɗalibin da bai saje da karatu da jama'ar makaranta ba shi ke barin ta. Akwai gaskiya a ciki, yaron nan shaida ne. Sai dai ɗaliban Amurka ya duba. Namu sun zauna gida kusan wata takwas a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wasu suka kama sana'a, zuciyarsu ba ta koma aji ba. Ga kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024: ɗan manomi ya san da shi? Iyayensa sun yarda ya ci bashi? Wannan ke za ki tono, ba wani zai zo daga waje ya yi mana ba.

Hanyar malamin jami'a doguwa ce, albashin ba ya kai wata, ƙarin girma kuma sai da tarin maƙalu. Za a ce ki biya a buga miki cikin mako guda, ko a sa sunanki a aikin da ba ki yi ba. Kada ki yarda, Uwata, ko da sa'o'inki za su riga ki zama farfesa. Ki nemi tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta hanyar da ta dace.

Yaron nan yanzu magidanci ne, yana gyaran injin ban ruwa a Sabon Gari. Na same shi ranar Juma'a, ya ce zai yi magana da ke. In kin zo hutun Sallah, ki taho da littafin rubutunki, ni zan raka ki shagonsa.

Innarki na gaishe ki. A shafa mini kan yara.

Mahaifinki