Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Malaman Fiziks

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum (ilimin halayyar ƙwayoyin zarra da abubuwan da suka fi su ƙanƙanta), wato cika shekara 100 da aikin masanin fiziks Werner Heisenberg na 1925, wanda ya aza harsashin fannin. Shi ya sa kwamiti ya ɗora zaman karatunmu na wata-wata a kan tambaya guda: ta yaya lissafin da aka yi a takarda yake zama abin da ake riƙewa a hannu?

Inda muka fi daɗewa shi ne batun girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓare shi da salatif daga irin baƙin da ke cikin fensir, a Jami'ar Manchester a 2004, suka ci kyautar Nobel a 2010. A 2011 Rafi Bistritzer da Allan MacDonald suka lissafa cewa in aka ɗora shimfiɗa biyu, aka ɗan murɗa ta sama da kusan digiri 1.1, gudun ilektiron, ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, zai ragu ƙwarai. Sai a 2018 Pablo Jarillo-Herrero da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka gwada, wutar lantarki kuwa ta ratsa ba turjiya ko kaɗan, amma cikin sanyin da ya kai digiri 271 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas. Shekara bakwai alƙalami yana gaban ɗakin gwaji. Wannan labari ya dace da aji, musamman ga ɗaliban da ke ganin lissafi wahalar banza ce.

A Oktoba mun yi zama a kan Nobel ɗin fiziks na 2025, wanda aka ba John Clarke da Michel Devoret da John Martinis saboda gwaje-gwajensu na kwantum na 1984 da 1985 a Jami'ar California da ke Berkeley, Amurka. Halarta ba ta yi armashi ba, don ya faɗo a tsakiyar zangon karatu.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta ferobsikayit, sinadarin da ake sa ran zai sauko da farashin faifan sola. A 2009 kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana yake mayarwa wuta, yanzu ya haura 25. Sai dai zafi da danshi suna lalata shi, ga dalma a cikinsa. Wasunmu sun yi ɗoki, amma a ganin kwamiti, abin da bai jure zafin ranar Afrilu da ƙurar hunturu ba, bai iso gare mu ba tukuna. Daga nan wasu mambobi suka fara auna wutar da faifan makarantunsu ke bayarwa kafin a goge ƙura da bayan an goge, kuma ɗalibai ne ke rubuta sakamakon.

Ziyarar makarantun karkara ta tsaya saboda tsadar sufuri. Masu bashin kuɗin wata su daure su ga ma'aji kafin zaman Janairu, masu awon faifai kuma su zo da littattafansu domin a haɗa alƙaluman wuri guda.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa