Wa ya miƙa wa yaro makullin mota?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan yaran da muke gani riƙe da sitiyari a titunanmu, musamman yanzu da 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka gama jarrabawa, gari ya cika da ƙarar taya da ƙaurin roba.

Ni malamin sakandare ne a nan Kano, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli. Ranar da ɗalibanmu suka rubuta takardar ƙarshe ina tsaye a bakin ƙofar makaranta, sai ga wata baƙar mota ta shawo kwana a guje. Na san yaron da ke tuƙa ta, kuma na san shekarunsa sha shida, don ni na cike masa takardar rajistar jarrabawa. Ya ɗora matashin kai a kan kujera don ya samu ya hango gabansa. Su bakwai ne a ciki, biyu sun zauna a kan taga, ƙafafu ciki, jiki waje, fararen rigunansu duk an zane su da tawada. Ya taka totur, ya fizgi birkin hannu, mota ta juya kamar ana murza ta, ƙura ta turnuƙe, yara suka sa ihu. A juyi na biyu bayan motar ya kwashi teburin wata baiwar Allah da ke soya awara a gefen ƙofa. Kasko ya kife. Tafasasshen mai ya malala, ya tsaya bai fi taki ɗaya ba daga ƙafar 'yarta ƙarama da ke zaune tana yanka mata albasa.

Washegari mahaifin yaron ya zo, mutum mai kamala, da babbar riga da ƙamshi. Ya biya kuɗin awara da na mai da na teburi, har ya ƙara wa matar wani abu, ta yi ta godiya. Da na ja shi gefe na ce, "Alhaji, yaron nan bai kai a ba shi mota ba," sai ya yi murmushi ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, ai hannunsa ya faɗa. Wallahi ya fi ni iya ribas." Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro, don ba shi kaɗai ke faɗarta ba.

Dokar ƙasar nan ba ta bar komai a duhu ba. Sai mutum ya cika shekara 18 ake ba shi lasisin tuƙi, kuma wannan ya haɗa da babur. Mai son lasisin haya, wanda zai ɗauki rayukan jama'a ko ya ja babbar mota, sai ya kai 26. Tsarin da ke rubuce shi ne ka shiga makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, ka karɓi takardar izinin koyo, ka liƙa jan harafin L gaba da baya, jami'an duba ababen hawa su gwada ka, sannan a ɗauki hotonka da zanen yatsunka a ba ka lasisi. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tana nan tun 1988, kuma tuƙin wanda bai kai shekaru ba yana cikin laifuffukan da take kamawa. A Kano ga 'yan Karota a kusan kowane shataletale. Saboda haka idan na ji masu kira a gidajen rediyo suna cewa a ɗaga shekarun zuwa 21, sai in ce a raina, wanda bai jira 18 ba, mene ne zai sa ya jira 21? Ɗalibina ɗan sha shida bai je ofishin kowa neman lasisi ba. A falon gidansu aka miƙa masa makulli.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban gingimari ne, Kano zuwa Legas, wani lokaci Kano zuwa Maiduguri. Shi ma da ƙuruciya ya shiga harkar mota, amma a matsayin karen mota. Ya sha ba mu labari cewa shekarunsa na farko bai taɓa sitiyari ba sai dai in zai goge shi. Aikinsa wanke mota, duba ruwa da baƙin mai da asuba, ɗaure tamfol, da dirowa a guje ya sa wa taya weji in an tsaya a kan hawa. Sai da ya iya kwance taya ya mayar, ya iya sauraron inji ya faɗi abin da ke damunsa, sannan ubangidansa ya fara barinsa ya tayar da mota ta yi ɗumi. Daga nan aka bar shi ya gyara mata tsayuwa a cikin tasha. Sai wata rana da hantsi, a miƙaƙƙen titi, mota ba kaya, ubangidan ya matsa gefe ya ce, "Zo ka riƙe." Yana zaune kusa da shi, in ya sake kuloci da garaje ya sha ranƙwashi. Tuƙin dare kuwa, da gangaren hanyar Jos da kaya a baya, waɗannan su ne na ƙarshe da aka yarda ya taɓa. Mutanen nan yawancinsu ba su yi boko ba, amma sun san iya juya sitiyari shi ne mafi sauƙi a tuƙi. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin cewa akuyar da ke gefen titi za ta tsallaka, da cewa in ƙwallo ta gangaro kan kwalta to yaro na biye da ita, da iya haƙura in wani ya wuce ka yana maka oda.

Abin mamaki, ƙasashen da suka yi nisa wajen rage mutuwar matasa a hanya, wannan tsarin na tasha suka mayar doka. Niyu Zilan ta fara tsarin lasisi mataki-mataki tun 1987. A jihar Niyu Jasi ta Amurka yaro na iya fara koyo yana 16, amma sai da babba a gefensa. In ya kai 17 a ba shi lasisin gwaji, wanda ba ya halatta masa tuƙi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, ba ya kuma ɗaukar abokai fiye da ɗaya in ba mahaifi a motar, sannan tun 2010 dole ya manna jan tambari a jikin lambar mota don ɗan sanda ya gane shi daga nesa. A Faransa ana fara koyo daga shekara 15, amma yaro zai yi kilomita 3,000 tare da babba mai lasisi, kuma bayan ya samu nasa zai yi yawo da harafin A a bayan mota, a babbar hanyar da kowa ke gudun kilomita 130 shi iyakarsa 110. A Ingila shekara 17 ne, amma sabon direba in ya tara makin laifi shida cikin shekara biyu na farko, an soke lasisin, ya koma ɗan koyo.

Ka lura, Malam Edita, duk waɗannan sun fi mu saurin barin yaro ya fara. Sai dai sun gano inda gizo ke saƙar: dare, da gudu, da abokai a mota. A Amurka alƙaluma sun daɗe suna nuna cewa 'yan shekara 16 zuwa 19 sun ninka manya kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai, in aka auna da nisan tafiyar da kowa ke yi. Ni ban buƙaci alƙaluma ba kafin in yarda da batun abokai. Ɗalibin nan nawa in shi kaɗai ne, yaro ne mai kunya, ba ya iya haɗa ido da malami. Ihun mutum shida ne ya taka totur ɗin nan. Mu kuwa tsarinmu, ko ga wanda ya bi doka, ranar da ya karɓi lasisi a ranar yake iya kwasar abokai ya kama hanyar Zariya da tsakar dare. Ban ma shiga batun waɗanda lasisi ke iske su har gida ba tare da kowa ya ga tuƙinsu ba, wannan wasiƙa ce mai zaman kanta.

Kada a ɗauka 'ya'yan masu hali kaɗai nake nufi. Nasu ya fi ƙara ne kawai. Wanda ya fi yawa yana cikin lunguna: yaro ɗan sha uku a kan roba-roba, ƙafarsa ba ta kai ƙasa sai ya karkata, an aike shi kai niƙa ko ɗauko ƙannensa daga Islamiyya, uku a baya ɗaya a gaba, ba mai hular kwano. Sai kuma adaidaita sahu. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013, adaidaita ta zama ita ce ƙafar talaka, ta kuma zama sana'ar duk wanda ya rasa abin yi. Mai ita yana son balas ɗinsa kullum. Direban da ya karɓa ya yi aiki daga safe zuwa azahar, ya gaji, ya miƙa wa ƙaninsa ko yaron unguwa ya ɗan taɓa kafin magariba. Yaron nan sai ya haɗa balas, ya haɗa kuɗin mai, sannan ya nemi nasa, to don me ba zai yi rige-rigen fasinja ba, don me ba zai bi hannun da ba nasa ba? Matanmu da 'ya'yanmu ne ke zaune a bayansa. Ina tausayin yaron, don na san wasu da wannan kuɗin ake ɗora tukunya a gidansu. Mai adaidaitar da ya san wa ke tuƙa masa ya kau da kai, shi ne ban ga dalilin tausaya masa ba.

Akwai masu ce mini ai shekara 18 lissafin Bature ne, mu a wurinmu yaro in ya balaga ya zama mutum. To, su koma Suratun Nisa'i, aya ta 6. Ko dukiyar maraya, wadda tasa ce halak malak, ba a ce a miƙa masa don ya balaga kawai ba. An ce a jarraba shi, sai an ga shiriya da hankali tare da shi sannan a ba shi. In haka ne a kan dukiyar da in ya ɓarnatar kansa ya cuta, ina ga ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya da zai shiga da shi cikin mutane? Su kuma masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Mun mayar da "ƙaddara ce" da "mun yafe" abin rufe bakin wanda aka zalunta. A je gaisuwa, a kai buhun shinkafa, dattawan unguwa su sa baki, bayan kwana arba'in yaro ya koma kan mota.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ina da ɗa ɗan sha bakwai, kuma bara da gas ya ƙare ana tsakiyar girki, ni da hannuna na miƙa masa makullin babur na ce ya yi sauri. Ya je ya dawo lafiya. Sai daga baya na gane abin da na koya masa: dokar tana aiki ne sai ranar da Baba ke sauri. Tun daga ranar nake fama da shi, kullum da dalilin da zai kawo, ni kuma bakina ya yi nauyi.

Abin da nake roƙon hukumomi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. In an kama yaro da mota ko babur ko adaidaita, kada a tsaya a kan yaron, ba shi da ko sisi, kuma tsoronsa na yini ɗaya ne. A riƙe abin hawan, a kira wanda sunansa ke kan takardu, shi ya zo da ƙafarsa ya tsaya gaban alƙali. In ya ce sace makullin aka yi, ya faɗa a rubuce. Ranar da aka ga Alhaji da babbar riga a layin kotun tafi-da-gidanka saboda ɗansa, labarin zai riga shi isa masallacin unguwa, kuma wannan ya fi kowace tara zafi. 'Yan majalisarmu kuma su duba batun shekarar farko ta sabon direba: ban da tuƙin dare, ban da cika mota da samari, da wata alama a jikin mota da kowa zai gane. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan adaidaita sun san kowane yaro da ke tasharsu da sunan ubansa, in aka ɗora musu alhakin wanda ya fita da lambarsu za su iya. Mu kuma masu makarantu, ba sai mun jira kowa ba. Ɗalibin da ya zo da mota, maigadi ya karɓi makulli, uban ya zo ya karɓa a ofishin shugaba. Na kai wannan shawara a taronmu na malamai, wani abokin aiki ya ce mini iyayen nan su ke biyan albashinmu. Aka yi dariya, aka wuce zuwa batu na gaba.

Mai awarar nan ta koma da teburinta tsallaken kwata, inda mota ba ta kaiwa, ciniki kuma ya ragu don yara ba sa son tsallakawa. Ina roƙonka, baɗi in lokacin gama jarrabawa ya zagayo, ka turo wakilinka da mai ɗaukar hoto su tsaya a ƙofar kowace babbar sakandare da suka zaɓa a birnin nan, daga azahar zuwa la'asar. Kada su ɗauki fuskokin yaran. Su ɗauki motocin, sannan su bi sawu su tambayi masu su wa ya ba da makulli.

Na gode da wannan fili. Allah ya tsare mu da zuriyarmu a kan hanya.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Kano.