Mawaƙan situdiyo, a kafa gindi kafin a hau kiɗa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da matasan da ke shiga situdiyo da takarda cike da baitoci, a kunna musu kiɗan da aka riga aka haɗa a kwamfuta, sannan su hau kokawar cusa kalmomi a ciki. Tun daga nan waƙar ta karye.

Makaɗan baka gindi suke fara kafawa, layi ɗaya ko biyu, wanda 'yan amshi za su ɗauka da numfashi guda. Da zarar ya zauna, ya yanke wa sauran waƙar tsawo da rauji, wato karin muryar da ake rera ta da shi, duk ɗan waƙa, wato baitin da jagora zai ɗora kuwa dole ya sauka daidai inda amshi zai karɓa. Wannan takurar ita ke rage wa ƙwaƙwalwa aiki: ba sai ta lalubi kalmomin Hausa kaf ba, 'yan kaɗan da suka dace da gurbin kawai za ta nema. Lokacin da 'yan amshi ke karɓi, jagora yana shan iska yana shirya ɗa na gaba. Marigayi Ɗanmaraya Jos ma da bai yi waƙa da 'yan amshi ba, kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ne ya riƙa cike masa wannan gurbi.

Inda aka fi ɓarna shi ne nauyin gaɓa. Gaɓa mai nauyi ita ce mai dogon wasali ko tagwan wasali (ai, au) ko wadda ta ƙare da baƙi, sauran marasa nauyi ne. In mai nauyi ta faɗa kan gajeren bugu, mawaƙi zai datse ta. In marar nauyi ta faɗa kan dogo, sai ya ja ta, kalmar ta fito kamar daga bakin baƙo. Na'ura tana daidaita muryar da ta kauce, amma wannan ya fi ƙarfinta. Haka karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan kalma: rauji ya hau inda kalma ke sauka, mai sauraro ya yi ta kasa kunne bai gane ba. Ai shi ya sa makaɗi ke matse kalangu a hammata yana sakewa, don ya bi hawa da saukar magana.

Saboda haka a fara da rera rauji ba kalma, ana tafi ana ƙirga bugu. A rubuta gindi, a sa alama kan kowace gaɓa mai nauyi, a tsayar da amsa-amo guda. Kowane layi a faɗe shi kamar magana kafin a rera, wanda ya sauya kama a bakin mawaƙi a sake masa kalma. Sai an gama wannan a kai wa mai fiyano ya ɗora kiɗa a kai.

Naka,
Wani mai nazarin waƙa, Zariya